Tsofaffin motocin haɗi na roba: tambayoyi da amsoshi kan tara su da auna sikelinsu

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwa ko a ƙauye ya san motar kara da motar gwangwani. Yaro zai zauna da reza da ɓargon kara ya fitar da tirela har da tayoyinta goma, idonsa kawai ne ma'auninsa. A Ingila da Amurka da Japan wannan sha'awar ta zama masana'anta. Kamfani zai zuba guntayen mota, ko tarakta, ko tankar yaƙi, da roba mai tauri, su fito maƙale a reshe, a sa su a kwali tare da takardar bayani. Mai saye ya yanke su, ya manna da gam, ya shafa fenti. Ni kwalin haɗi nake ce masa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansa.

Mene ne bambancinsa da ƙananan motocin ƙarfe da ake samu a gwanjo?

Waɗancan a haɗe suke zuwa, an zuba su da ƙarfe don su jure hannun yaro, irin su Dinky da Corgi da Majorette. Kwalin haɗi kuwa guntaye ne, wani guda 30, wani sama da 200, kuma sai ka yi aikin da hannunka. Hanyar auna sikeli dai ɗaya ce a dukkansu.

Wane kwali ake kira tsoho?

Yawancin masu tarawa suna nufin abin da aka yi daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980. Amma abin ya girmi haka. Tun 1936 kamfanin FROG a Ingila ya fara sayar da jiragen sama na haɗi masu suna Penguin. Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, ya shigo harkar ne da tarakta: a 1949 ya yi ƙaramar Ferguson TE20 don wakilan kamfanin taraktar su riƙa nuna wa manoma, daga baya aka ga ya fi sauƙi a sayar da ita a warwatse mutum ya haɗa da kansa. A farkon shekarun 1950 sai jirgin ruwa Golden Hind ya fito a cikin leda, ana sayar da shi sule biyu a kantunan Woolworths. Wannan arahar ce ta kai abin gidan talaka.

A Amurka Revell ya fito da jerin tsofaffin motoci mai suna Highway Pioneers a 1951, AMT kuma ya kawo kwalin da ake iya haɗawa iri uku a 1958. Heller ya taso a Faransa a 1957. Tamiya na garin Shizuoka a Japan da gidan yankan katako ya fara a 1946, sai a 1960 ya shiga aikin roba.

Me lambar nan ta 1/24 ko 1/72 take nufi?

Ita ce sikeli, kamar wanda ake rubutawa a gindin taswira. 1/24 na nufin in ka jera ƙananan guda 24 hanci da wutsiya za su kai tsawon babbar. Tsawo da faɗi da tsayi duk da lamba ɗaya ake raba su. Da lamba ta girma, abin sai ya ƙanƙance.

Lambobin ba daga sama suka faɗo ba, yawancinsu 'ya'yan inci da ƙafa ne. A 1/12 inci ɗaya ƙafa ɗaya ce. A 1/24 rabin inci, a 1/48 rubu'in inci. A 1/72 inci ɗaya ƙafa 6 ne, wato dogon mutum ya dawo inci ɗaya; jiragen katako na Skybirds ne suka yaɗa shi a Ingila tun 1932. Wasu kuma daga jiragen ƙasa na wasa aka gado su: 1/43 daga milimita 7 a kowace ƙafa, 1/76 daga milimita 4, 1/87 daga milimita 3.5. Shi ya sa tsofaffin tankoki da motocin soja na Airfix da Matchbox suke 1/76, don su zauna daidai kusa da layin dogon wasa na Ingila.

To 1/24 da 1/25 ba abu ɗaya ba ne?

Kusa suke, amma ido yana ganewa. Bambancin kashi 4 cikin ɗari ne a tsawo. Volkswagen Beetle, mai doron kunkurun nan, tazarar tayarta ta gaba da ta baya milimita 2,400 ce. A 1/24 za ta ba ka 100 cif, a 1/25 kuma 96. Kai su kan kanta ɗaya ka gani: ɗaya sai ta zama kamar ƙanwar ɗaya, don ragin ya shafi tsawo da faɗi da tsayi a lokaci guda, jiki duka ya ragu da fiye da kashi 10.

Asalin 1/25 talla ne. Tun ƙarshen shekarun 1940 kamfanonin mota na Ditroit suke sa AMT, daga baya kuma Jo-Han, su yi musu ƙananan sabbin motocinsu a haɗe, dillali ya ajiye a tebur ko ya ba ɗan mai saye kyauta. Da aka fara sayar da su a warwatse sai girman ya biyo su. AMT da Jo-Han da MPC da Revell na Amurka suka tsaya a 1/25, Monogram ya riƙe 1/24, haka ma kamfanonin Japan da na Turai.

Na ga kwalin da ba a rubuta sikeli ba, wani kuma an sa lamba mai ban mamaki. Kuskure ne?

A'a, haka aka yi shi. A shekarun 1950 kwalin ake fara yankewa, sannan a ƙanƙanta abin da zai shiga ciki. Kanti yana son kwalaye masu girma ɗaya da farashi ɗaya, saboda haka babban jirgi da ƙarami duk su dawo tsawo ɗaya. Masu tarawa na kiran wannan sikelin kwali. Jirgin yaƙin Missouri da Revell ya yi a 1953 shi ne misalin da kowa ya sani: tsawonsa na gaske kusan mita 270, aka matse shi zuwa kamar santimita 50, lissafi ya faɗa kan 1/535. Irin wannan kwali ba a zarginsa da rashin bin sikeli, tunda bai yi alkawari ba. Abin da za ka duba shi ne ko sassansa sun yarda da juna.

Ta yaya zan auna da kaina?

Lambar da ke kan kwali magana ce ta mai sayarwa. Shaida tana hannunka, kuma kayan aikin ba su da tsada: rula ta ƙarfe mai milimita, kalifa irin wadda masu gyaran inji ke auna fistin da ita, da na'urar lissafi ta wayarka.

Ka fara da tazarar taya, wato daga cibiyar tayar gaba zuwa cibiyar ta baya. Na fi yarda da ita fiye da tsawon mota, domin tsawo yana canzawa da bamba. Mota ɗaya za ta je Amurka da ƙatuwar bamba, ta je Turai da siririya, littafi biyu su ba ka lamba biyu. Tazarar taya kuwa tana nan yadda injiniya ya zana ta. Idan kwalin ba a haɗa ba, auna tsakanin ramukan da sandunan taya za su shiga a jikin shasi, sannan ka auna tsakiyar bakin taya na gaba da na baya a jikin bodi. Wani lokaci waɗannan biyun ma ba sa jituwa, kuma wannan kansa labari ne: alama ce an ari shasin wata mota an sa wa wannan bodin.

Lissafin kuma raba awon gaske da awon ƙarama ne. Ɗauki Land Rover 109. Sunanta ma ya gaya maka tazarar, inci 109, wato milimita 2,769. A 1/24 ya kamata ka sami 115.4, a 1/35 kuma 79.1. A ƙananan sikeli 1/72 zai ba da 38.5, 1/76 ya ba da 36.4. Milimita 2 ne kacal tsakaninsu, amma su ne za su tona maka ko tsohon zubin 1/76 ne aka sa a kwali mai lambar 1/72, abin da ya sha faruwa. A nan rula ba ta isa ba, sai kalifa.

Bayan tazarar taya sai faɗin bodi a wuri mafi faɗi, ban da madubai. Sai tsayi daga ƙasa zuwa rufi, sai faɗin wili. Kowanne ka fitar masa da sikelinsa daban, ka rubuta. Misali ka sami tsawo 1/24, faɗi 1/23, tsayi 1/25. Ka ga wannan mota an buɗa ta, an kuma danne ta. Kwalin da ya ba ka 1/26 a ko'ina ya fi shi gaskiya, ko da an rubuta 1/24 a bayansa, domin siffarsa ba ta karkace ba.

Kowane awo ka maimaita shi sau uku. Kada ka matse kalifa, tsohuwar roba tana lanƙwasawa ta ba ka ƙarya, ko ta tsage.

Ina zan sami awon babbar motar?

Mafi inganci shi ne littafin mai mota ko littafin gareji na kamfanin da ya ƙera ta, na shekarar da kake nema. Zanen da ake bugawa a mujallu yana taimakawa, sai dai mutum ne ya zana shi, kuma injin kwafi yana iya ja ko rage shi. In za ka aza guntu a kan zane, fara tabbatar da cewa zanen kansa ya ba da tazarar taya daidai.

Hoto shi ya fi yaudara. Wanda aka ɗauka kusa yana kumbura hanci ya tsuke wutsiya. Wanda ke da amfani shi ne na gefe sak, daga nesa.

A wasu motocin mu ne muke da rabo, don suna nan a raye kusa da mu. Fijo 504 an haɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, masana'antar ta fara aiki a 1975, kuma har yau ba ka rasa ta a bayan gareji. Na taɓa zuwa wani gareji da tef a aljihu, na gaida dattijon da ke wurin, na ce, “Baba, a ba ni izini in auna wannan.” Ya ce, “Saye za ka yi?” Na ciro ƙaramar ta ƙarfe daga aljihu na miƙa masa. Ya juya ta a tafin hannu, ya shafa wurin da but ya karyo ƙasa, ya ce, “Wannan karyewar ita ce 504. Ɗana, riƙe can, in riƙe maka nan.” Muka ja tef daga cibiya zuwa cibiya: mita 2.74, yadda littafi ya ce. A 1/43 wannan milimita 63.7 ke nan. Sannan ya tuna mini abin da ya kamata kowane mai awo ya riƙe, cewa wagon da a-kori-kura sun fi salun tsawon tazara. Kafin ka ce kamfani ya yi kuskure, tabbatar da irin motar da ya kwaikwaya.

Kuskure nawa ake yafewa?

A nawa ma'aunin, abin da bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba ya yi. A motar 1/24 wannan milimita 1 ne ko 2 a tazarar taya. Daga kashi 4 ka shiga wani sikelin.

Akwai kuma abin da dole a yafe. Roba mai kaurin milimita 1 a 1/24 daidai take da ƙarfe mai kaurin santimita 2.4, alhali ƙarfen bodin mota bai cika kai milimita 1 ba. Gilashi, sitiyari, eriya, waifa, duk sun fi ƙima kauri, don in an yi su daidai ba za su fita daga ƙarfen zubi ba tare da sun karye ba.

Awo ya fito daidai, amma in na kalle ta ba ta kama ba. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗi a wurina. Lambobi huɗu ba sa kama fuska. Mota tana da kamanni kamar mutum, kuma kamannin suna cikin kwanciyar gilashin gaba, da gangaren rufi, da girman fitila, da yadda taya ta cika bakinta. Rufi ya ɗaga da milimita 1 kawai, sai motar ta zama wata. Shi ya sa bayan kalifa nake ajiye bodin a kan tebur, in durƙusa har idona ya zo daidai da hannun ƙofa, in riƙe hoton gefe kusa da shi. Babbar mota daga tsaye muke ganinta, ƙarama kuwa kullum daga sama muke leƙa ta, kuma wannan kaɗai yana sauya yadda take a ido.

A nan tsofaffin kwalayen AMT da Jo-Han suke ba da mamaki. Ƙasansu ba komai, faranti ɗaya ne da aka zana inji da salansa a jiki, tayoyi a kan sandar ƙarfe, a ɗaure da sukurori. Amma bodin yakan kama sosai, domin aikin talla ne, da haɗin kan kamfanin motar aka yi shi tun kafin ta shiga kasuwa.

Me ya sa tsofaffin tankokin Tamiya suke da ramuka a ciki?

Wurin batir ne da makunni. Tankar Panther da kamfanin ya yi a farkon shekarun 1960 mai tafiya ce da ƙaramin inji, kuma an yanke girmanta ne don batura su shiga. Da aka auna daga baya sai aka ga 1/35 ne. Sikelin da ya mamaye duniyar motocin soja a yau haka aka haife shi. Saboda wannan, tankokinsu na shekarun 1960 da farkon 1970 sau da yawa cikinsu ya fi ƙima zurfi ko faɗi. Wanda ya san dalili ba zai ji haushi ba. Kamfanin nan dai shi ne ya sayi Porsche 911 ta gaske ya kwance ta don ya yi Porsche 934 a 1/12 a 1976.

Ta yaya zan gane shekarun kwali?

Ka raba abu biyu: shekarar zubi da shekarar kwali. Ƙarfen zubi yana rayuwa fiye da kamfanin da ya sassaƙa shi. Da FROG ya rufe a 1976, yawancin ƙarafansa Tarayyar Sobiyet suka tafi, kayan suka dawo kasuwa da sunan Novo. Na kamfanin Aurora sun koma hannun Monogram a 1977, na Matchbox suka koma Revell. Airfix yana sake fitar da tsofaffinsa da sunan Vintage Classics. Saboda haka sabon kwali mai sheƙi yana iya ɗauke da zubin 1962.

Duba cikin bodi ko ƙarƙashin shasi, sau da yawa an sassaƙa shekara da sunan kamfanin farko. A kwali kuma akwai alamu. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya guda biyar bai girmi 1963 ba. In an rubuta Jamus ta Yamma, bai wuce 1990 ba. Zanen layukan nan da ake haskawa a kanti alama ce ta baya-bayan nan. Tsofaffin kwalayen Amurka kan liƙa farashi a wutsiyar lambar kaya, 149 na nufin dala 1.49. Rumbun Scalemates a intanet yana jera tarihin kowane zubi da kwalayen da ya shiga.

Robar ma tana magana. Zubin farko yana fita tsaf. In ƙarfe ya tsufa sai ka ga ɓawon roba siriri a gefen guntaye, rubutu ya dushe.

Me ke sa wani ya yi tsada?

Ƙaranci, da lafiyar kwali, da cikar guntaye. Daidaiton sikeli ba ya cikin lissafin kasuwa sosai. Motocin shekara-shekara na AMT da MPC misali ne: in sabuwar shekara ta zo sai a gyara ƙarfen bara ya zama na bana, na bara ya tafi ke nan har abada. Wanda ba za a iya sake zubawa ba shi ke tsada. Manyan motocin Pocher na Italiya masu 1/8, da ake ɗaurewa da ƙananan noti, tun asali masu tsada ne. Wani kuma zanen kwalin ake saye, kamar waɗanda Roy Cross ya yi wa Airfix daga 1964 zuwa 1974.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Nemi hoton kowane reshe a shimfiɗe, ka ƙirga da takardar bayani. Gilashi da tayoyi da sitikar ruwa, wato lambobi da rubutun da ake jiƙawa a manna a jikin motar, su suka fi ɓata. Duba ginshiƙan rufi, don su ke fara karyewa in an danne kwali. Motocin talla na shekarun 1950 da wata roba aka yi su mai murɗewa da tsufa, kuma wadda ta murɗe ba ta dawowa. In mai sayarwa ya ƙi buɗe kwalin da aka riga aka buɗe, haƙura ya fi.

Yaya zan adana su a ƙasa mai zafi?

A nan na yi asara, don haka zan faɗa da ƙarfi: raba tayoyi da sauran kaya ranar da kwali ya shigo hannunka. Tayoyin nan masu laushi suna fitar da wani maiƙo da ke narka roba mai tauri, zafi kuma yana gaggauta shi. Na ajiye wani kwali a saman durowa, ƙarƙashin rufin kwano, ya yi bazara ɗaya a can. Da na buɗe, taya ɗaya ta kwanta a kan gilashin gaba ta nutse a ciki, da na ɗaga ta sai ga zanen ƙafarta a gilashin kamar an buga hatimi. Bonet ana iya cikewa a goge da sanfefa, gilashi kuwa ya tafi. Yanzu kowace taya a takarda nake naɗe ta, in sa a ledarta daban, gilashi ma haka.

Ajiye kwalaye a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufi da taga, kuma kada su taɓa ƙasa ko bango saboda gara. Kyankyaso yana cin gam ɗin sitika da na kwali. Akwatin roba mai murfi yana maganin su, yana kuma tare ƙurar hunturu. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Sitika ta zauna a leda mai zif, a kwance. Wadda ta yi rawaya, in ka manna ledar a jikin gilashin taga ta sha rana na 'yan kwanaki takan washe, amma ka riƙa dubawa kullum. Kada ka jera kwalaye fiye da biyar ko shida a kan juna.

In haɗa shi ko in bar shi a kwali?

In ana sake zuba shi, sayi sabon ka haɗa, ka bar tsohon. In ƙarfensa ya mutu kuma kwalin cikakke ne, ni ina barin sa, domin abin tarihi ne da ba a ƙara yin irinsa. Wanda kwalinsa ya yage ko wani ya fara mannawa, wannan na haɗawa ne ba tare da wani nauyin zuciya ba. Kuma in na haɗa tsoho ba na gyara masa siffa. Ina so a ga yadda masassaƙin 1960 ya ga motar, da daidansa da kuskurensa. Awon da na yi ina rubuta shi a 'yar takarda in ajiye tare da shi.

Da me sabon shiga zai fara?

Zaɓi sikeli ɗaya da jigo ɗaya, in ba haka ba kuɗi su ƙare ɗaki ya cika da abin da bai haɗu ba. Fara da motar da kake iya samun awonta ba wahala. Beetle ta 1966 da Tamiya ya yi a 1/24 makaranta ce mai kyau, tunda amsar da kake nema 100 ce cif. Land Rover 109 tana nan a 1/24 da 1/35. Wanda kuma yake son abin da ya taka yankinmu, akwai Fijo 405 T16 ta Tamiya a 1/24, wadda Ari Vatanen ya ci tseren Faris zuwa Dakar da ita a 1990, shekarar da ayarin ya ratsa Agadas. Ita dai kada ka auna ta da awon 405 ta kan titi. Motar tsere ce mai inji a tsakiya da ƙofa biyu, an sa mata rigar 405 ne kawai, kuma tazarar tayarta daban take.